Akwai Aliya a Cikinku?

Ba kewar gida ce ta mayar da Sittana lungunsu na Umbadda ba, kada wani ya yi mata wannan kyakkyawar shaida. Aiki ne ya tura ta. Tun da yaƙi ya ɗan lafa a Omdurman ta shiga cikin wasu malamai 'yan sa-kai da suka buɗe wurin wasan yara a harabar wata makaranta a Alsawra. Sun ba yaran ƙwallo, sun ba su fenti da takarda, amma da zarar an kau da kai sai a ga sun jera tubali sun tare hanya, wani ya rataya kara a kafaɗa yana tambayar 'yan'uwansa takardar shaida. Abin ya dami shugabansu, Ustaz Mujtaba, mutum mai son alheri da son rubuta komai a takarda. Ya ce a bi unguwa-unguwa a tattaro wasannin da, a buga su a ɗan littafi, a koyar da su a duk inda suke da reshe.

"Ke ce mai jin Hausa a cikinmu, ya Ustaza," in ji shi. "Ɓangaren mutanenku Hausawa yana hannunki."

Sittana ta ce tana ji kaɗan-kaɗan. Shekara ashirin ke nan tana faɗin haka a ofisoshin Khartoum, alhali da Hausa aka yaye ta, da ita kuma take mafarki har gobe.

Bayan la'asar raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta sauke ta a bakin lungun. Gidansu an daɗe da sayar da shi, tun rasuwar mahaifinta Malam Ilyasu. Wasu gidajen babu ƙofa babu taga, an kwashe. Amma darbejiyar nan ta tsakiyar fili tana nan, a gindinta kuma wata mace mai jiki tana fifita gawayi, ta jera kwalaben citta da kirfa a kan akwati. Hannunta na hagu a lanƙwashe yake daga gwiwa, ba ya miƙewa, a kansa take ɗora faranti. Sittana ta ga hannun kafin ta ga fuskar.

"Wa nake gani haka?" in ji mai shayin. "'Yar Malam Ilyasu? Ya salam! Ashe kina raye."

"Ina raye, Tasalla. Ya gida, ya mutane?"

"Waɗanda suka rage suna lafiya. Zauna, ya Ustaza, kujerar ba ta cizo."

Tasalla ƙawarta ce ta yarinta, tare suka yi haddar allo, tare suka sha duka. Ta zuba mata shayi da na'ana'a, ta saurari bayanin littafi da reshe-reshe tana murmushi, sannan ta juya ta ƙwala kira. Kafin Sittana ta kurɓi shayin sau uku 'yan mata sun kai goma sha biyu a gabanta, wasu da ƙanne a baya.

Suka yi mata carafke da duwatsu biyar. Suka zana 'yar gala-gala a ƙasa da gawayin Tasalla. Rabin maganarsu Larabci ne, amma ƙirgar wasa da kirarinsa duk da Hausa suke yi, irin ta kakanni, wadda su kansu ba su san ma'anar wasu kalmominta ba. Sittana ta ɗaga waya tana ɗauka, hankalinta ya fara kwanciya. Sai Tasalla ta ce, "To, a yi mata gaɗa."

Ga wanda bai san irin gaɗar lungun ba: 'yan mata ne suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa kamar rabin wata, suna tafi. Ɗaya ta fito gaba ta ba su baya, ta yi waƙa, idan ta kai gaɓa sai ta saki jikinta ta faɗo musu da baya. Su kuma su tare ta, su cilla ta sama, ta dira da ƙafafunta. Mai faɗowa ba ta waiwaye, waiwaye abin kunya ne. Wadda ta tsaya a tsakiyar layi ita ce mai ɗaukar nauyin, don haka ba a ba kowa tsakiya sai aminiyar mai faɗowa.

Wata doguwar yarinya mai suna Tasnim ta fito ta ba su baya. Kafin ta fara waƙa ta ɗaga murya ta tambaya:

"Akwai Aliya a cikinku?"

"Babu Aliya!" suka amsa baki ɗaya.

Wayar ta kusa suɓuce wa Sittana. A zamaninsu babu wannan tambaya a gaɗa. Ta tsaya tana kallo, kowace yarinya ta fito sai ta tambaya, sai an amsa mata, sannan ta yarda ta faɗo. Can gefe kuma, jikin katanga, wata siririyar yarinya tana zaune a kan tarin takalman 'yan wasan, tana tafi a hankali da bin waƙar da leɓe.

"Waccan fa, ba ta wasa?" Sittana ta tambaya.

"Rim ke nan," in ji Tasalla, tana ɗauraye kofi. "Suna barinta ta yi tafi. Tarewa ce dai ba sa ba ta, sun ce abin a jini yake. 'Yar Aliya ce. Uwar ta rasu bara waccan, lokacin amai da gudawa. A wurina take yanzu."

Ta faɗi haka ne kamar mai faɗin farashin sukari, ba ta ko ɗago kai ba.

Abin da ya faru shekara talatin ke nan, a gindin wannan bishiyar. Sittana tana da shekara goma sha biyu, an kai ta wata makaranta a wajen unguwa, inda ta koyi ɓoye harshenta kamar mai ɓoye yagaggen zane. Ranar Tasalla ce mai faɗowa, Sittana tana tsakiya. Tasalla ta kai gaɓar waƙa ke nan, sai Sittana ta hango Wafa'a, wata 'yar ajinsu mai baki, tana tahowa ta bakin titi ita da yayarta. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Ta mayar da hannayenta baya, ta ja taku ɗaya, ta tsaya kamar mai wucewa da ta tsaya kallon 'yan Fallata, kamar yadda ake kiran Hausawa a garin, suna abinsu. Tasalla ta zube a kan gefen tubali. Wafa'a ko kallon wajen ba ta yi ba, ta wuce abinta.

Lungun yana da doka a kan wannan, dokar yara ce amma manya ba sa tsoma baki: wadda ta janye hannu ita za ta goya wadda ta faɗi har ƙofar gidansu, sauran na biye da su suna tafi suna kiran sunanta. Da aka ruɗe ana tambayar wa ta janye, Sittana ta nuna Aliya. Aliya baƙuwa ce, iyayenta sun zo daga yamma ba da daɗewa ba suna aikin tubali, Hausarta ba ta nuna ba, Larabcinta ma na ƙauye ne. Can ƙarshen layi take tsaye, inda ko ta janye ko ba ta janye ba babu abin da zai canza. Amma wa zai tsaya lissafi, 'yar Malam Ilyasu ta yi magana? Aliya, wadda ba ta kai Tasalla girma ba, ta goya ta tana tangaɗi tana kuka, yara na biye suna "Aliya mai janye hannu". Sittana ma ta bi su, ta yi tafin. Mai ɗori ya ɗora hannun a karkace, haka ya warke.

Wannan duka Sittana ta sani, ta kuma daɗe da binne shi. Abin da ba ta sani ba shi ne ƙaryar tata ta yi ƙafa, ta shiga cikin wasa ta zauna, yara suna gadonta kamar yadda suke gadon ƙirgar carafke.

Ta yi sallama a gurguje, ta ce yamma ta yi.

Washegari a Alsawra Ustaz Mujtaba ya saurari abin da ta ɗauko. Da ya zo kan gaɗa ta fassara masa tambayar, sai idonsa ya yi haske. Ya sake saurare har sau uku.

"Wannan shi ne abin da muke nema! Yaro ya tambaya ko zai iya amincewa, a amsa masa. Bayan abin da yaran nan suka gani, wallahi wannan magani ne. Da shi za mu buɗe littafin. Amma wace ce Aliya? Wata ce a tatsuniyarku? Daga can Najeriya kakanninku suka zo da ita?"

Ga ƙofa a buɗe, ko makaho ya ga hanya. Sittana ta gyara mayafinta ta ce, "Ban sani ba, ya Ustaz. Tsohon abu ne, haka muka taso muka tarar."

Ya rubuta haka a littafinsa da kyakkyawan rubutunsa, ya ja layi a ƙasa. Ya ce ranar Asabar da hantsi zai zo da mota a ɗauko 'yan matan su nuna wa yaran Alsawra, daga nan a kai wasan reshensu na Bahri da sauran wurare. Sittana ta fito harabar makaranta tana jin kunyar kanta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ƙaryar farko, ta ce yarinta ce. Wannan kuwa mace mai shekara arba'in da biyu ce, mai gilashi da jaka, ta sake nuna Aliya da yatsa, alhali Aliyar tana kabari. Nan da wata guda yara ɗari-ɗari da ba su taɓa ganin Umbadda ba za su riƙa ihun sunan, Rim kuma za ta girma ta tarar da shi a cikin littafi.

Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba. Ta yi ta neman dabara. Ta ce za ta cire layin daga littafin, sai ta tuna Mujtaba ya riga ya rubuta. Ta ce za ta ce wayar ta goge, sai ta tuna ya tura wa kansa. Duk dabarun nan, in ka duba, na ceton Sittana ne, babu na Rim ko ɗaya, ita ma ta san haka.

Ranar Asabar ta riga motar zuwa. Ta tarar da Tasalla ta sallami masu shayin safe tana share toka. Ta zauna a ƙaramar kujera tana kallon lanƙwasasshen hannun.

"Ki daina kallonsa, ya saba da aikinsa," in ji Tasalla.

"Tasalla, ranar nan... ba Aliya ba ce."

"Na sani."

Sittana ta ɗago kai.

"Sama nake kallo, gaskiya, amma na san wa na ba bayana," Tasalla ta ci gaba. "Sau nawa kika tare ni kafin ranar? Na san hannunki kamar na san tabarmar ɗakinmu. Da na tafi ban same shi ba, tun kafin in kai ƙasa na san wane ne babu."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa wa Inna, da dare ɗaya. Ta make min baki, ta ce in sake ambaton 'yar Malam sai ta karya ɗayan. Da na girma na faɗa wa Aliya, ta ce ita ai ta sani, me za ta yi da shi? Yaran nan kuwa, wallahi na hana, na yi faɗa, na bi su da muciya. Ina juya baya su ci gaba. Maganar babba ba ta goge abin da ke cikin wasa, ya Sittana. Abin da suka gani da ido aka yi a fili, shi suke riƙewa."

"Ki yafe min. Don Allah ki yafe min."

"Ni? Halas, ya wuce, na yafe tun tuni, da ban yafe ba da ban ba ki shayi da na'ana'a ba. Amma ba ni kaɗai kika kayar ba."

Ta nuna da haɓa. 'Yan matan sun fara taruwa cikin kayansu na fita, an shafa musu mai, an yi musu kitso. Rim ma ta yi wanka ta zo, ta tsaya daga baya riƙe da buhun da za a zuba takalma.

"Zan yi mata bayani," in ji Sittana. "Zan kira ta gefe."

"A gefe aka yi wa uwarta?"

 Sittana ta dubi lungun: ga masu agashe, tsiren garin, suna hura wuta, ga direbobin raksha sun jeru a inuwa, ga matan da suka san ta tun tana yawo babu ɗankwali suna leƙowa su ga 'yar Malam da ta zama Ustaza. Ta dubi Tasalla, wadda ta ninka ta a jiki. Daidai nan motar Mujtaba ta shigo ta tsaya, ya fito yana murmushi da littafinsa a hannu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Sittana ta gode mata.

Ta tashi. Ta cire gilashinta ta ajiye a kan akwatin shayi, ta tuɓe takalmanta, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta kira yaran da Hausa, Hausar lungu tsantsa, wadda Mujtaba bai taɓa jin ta a bakinta ba.

"Ku zo nan. Kun ga hannun Gwaggo Tasalla? Ni na yi shi. Ni nake tsakiya ranar. Na ga wata 'yar makarantarmu, na ji kunyar a gan ni da ku, na janye. Aliya tana can ƙarshe, ba ta yi komai ba. Na yi mata ƙarya, ta yi goyon da yake nawa."

 Sannan ta tambaya, "Me doka ta ce?"

Yaran suka dubi juna. Tasnim ce ta amsa, a hankali, "Goyo. Har ƙofar gida."

Sittana ta durƙusa a gaban Tasalla ta ba ta baya. Tasalla ba ta yi mata kara ba ko kaɗan. Ta ajiye mafici, ta hau, ta zagayo da lanƙwasasshen hannun ta wuyanta. Sittana ta yunƙura sau ɗaya ta koma, ta sake yunƙurawa ta miƙe.

Daga darbejiya zuwa gidan Tasalla bai fi taku ɗari biyu ba, amma Sittana ba ta taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ƙasa ta yi zafi tana ƙona mata tafin ƙafa. Yaran suna biye shiru, sun kasa, don ba su taɓa yi wa mai gilashi ba. Sai Tasalla ta waiwaya daga baya ta daka musu tsawa.

"Makoki ake yi? Ku yi abin da ake yi!"

Tafi ya fara, ɗaya-ɗaya, sannan ya haɗu. "Sittana mai janye hannu! Sittana mai janye hannu!" Masu agashe suka bar wuta suka fito. Wani direban raksha ya yi dariya har yana dukan cinya. Wata tsohuwa da ta ga goyon farko da idonta ta tsaya a ƙofarta, ta rufe baki da gefen mayafi, ba ta yi dariya ba. Sittana ta sunkuyar da kai, gumi da hawaye suna haɗuwa a haɓarta, ƙashin gwiwar hannun nan yana danna mata maƙogwaro a kowane taku. Sau biyu ta durƙushe, sau biyu ta tashi. Mujtaba yana biye a gefe yana tambaya da Larabci ko wannan ma cikin wasan ne, babu wanda ya sami sukunin amsa masa.

A ƙofar gida ta sauke ta, ta zube a dakali tana haki. Tasalla ta gyara zanenta, ta shiga ciki ta ɗebo mata ruwa a randa.

Yaran ba su jira mota ba. Nan ƙofar gidan suka ja layi, don abin da suka gani yana cin su, sai sun gwada. Tasnim ta fito ta ba su baya, ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ta juya ta je ta karɓi buhun takalma daga hannun Rim ta jefar gefe, ta jawo ta ta tsayar a tsakiya. Sannan ta koma wurinta.

"Akwai Sittana a cikinku?"

"Babu Sittana!"

Ta faɗo, aka tare ta, ta tashi sama ta dira.

Mujtaba, wanda wani ya gama yi masa bayani, ya matso kusa da dakalin. Bai iya kallon fuskarta ba, littafinsa yake kallo.

"To, ya Ustaza... wanne za mu buga?"

"Wanda ka ji yanzu," in ji ta. "Ka goge layin da ka ja. Ka rubuta cewa an san ko wace ce."

Da aka fara shiga mota, Rim ta zo da takalman Sittana da gilashinta, ta ajiye a gabanta. Sittana ta kama hannunta, ta fara haɗa kalmomin da ta kwana uku tana shiryawa. Yarinyar ba ta fizge ba, ba ta kuma yi murmushi ba. Ta tsaya tana kallonta da idanun da ba su da ko ɗigon hawaye.

"Ummi ta sha gaya min ba ita ba ce," in ji Rim. "Har ranar da aka kai ta asibiti ta faɗa. Na ce mata kowa ya san ita ce."

Ta zare hannunta a hankali ta tafi wurin mota. Sittana ta zauna da takalman a gabanta, ta daɗe ba ta sa su ba.